Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Abin da mutum ya saya da guminsa, amma ba shi da ikon buɗe shi balle gyara shi, ba mallakarsa ba ne. Aro aka ba shi. Wannan shi ne halin da manyan kamfanonin wayar salula suka jefa mu a ciki.

Sa'ad da salula ta bazu a Nijeriya daga 2001, mai Nokia 3310 kan zare murfi, ya cire batir, ya sa sabo. Fitowar iPhone a 2007 ita ta juya akalar: batir a kulle, daga baya gilashi a manne da gam, ƙusoshi kuwa irin waɗanda sukurudireban gida ba ya kamawa. Batir ne ya gaji, amma waya dungum za a yar. A 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyi masu raunin batir, har Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020, domin bai sanar da masu saye ba.

Hujjar kamfanonin ita ce, wai mannewa na sa waya ta sirance, ta kuma hana ruwa shiga. Mun ji. To, ina amfanin siririyar wayar da ajalinta ke ɗaure da na batirinta? A 2015 kamfanin Fairphone na Holan ya fito da waya mai sassa daban-daban, gilashi daban, kyamara daban, batir daban. Wanda ya lalace, shi kaɗai za a sauya. Daga Yunin 2025 kuma Tarayyar Turai ta wajabta samar da kayan gyara har shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin waya. Ashe ba gazawa ba ce, ƙi ne.

Mu ne muka fi cancantar irin wannan doka, domin a wurinmu waya jari ce, ba ado ba. Samarinmu na Computer Village a Ikeja da na Farm Centre a Kano ba basira suka rasa ba. Kayan gyara na asali da bayanan ƙira aka hana su. Saboda haka muna kira ga hukumar NCC, wadda ke tantance wayoyin da ake shigowa da su, kada ta amince da samfurin da mai shi bai tanadi kayan gyaransa ba. Ba ribar kowa muka ce a sauke mu raba ba. Cewa muka yi a bar mu mu gyara kayanmu.