Zafin da muka saya, muke kuma zubarwa

Duk sanda maganar makamashi ta taso a wannan shafi, kukanmu biyu ne: an ɗauke wuta, ko kuɗin gazuwal ya hau. Kuka ne na gaskiya, balle ga wanda ya sha duhun da ya biyo bayan yanke layin Najeriya a watan Agustan 2023. To amma akwai tambaya ta uku da ba mu saba yi ba: cikin man da ake ƙonawa, da gawayin ƙasa, da itace, nawa ne ke yin aiki, nawa ne ke bin iska?

Bari in fara da manya. Tashar SONICHAR da ke Anu Araren, kusa da Cirozerin, tun 1981 take ƙona gawayin ƙasa ta dafa ruwa, tururi ya juya inji, wuta ta fito. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 a arewa da Damagaram, mai iya tace ganga 20,000 a rana, ita ma da zafi take aiki, don ba a raba ɗanyen mai sai an dafa shi. Tukunyar tururi irin ta masana'antu, wadda ma'aikata ke ce wa shodiyar, ƙatuwar buta ce kawai, kuma hanyoyin asararta sanannu ne. Babbar ƙofa ita ce bututun hayaƙi: hayaƙin da ya fita da zafinsa, mai ne aka saya aka watsa sama. Injiniyoyi na da lissafin da suke riƙewa a ka, cewa duk digiri 20 da aka rage a zafin hayaƙi yana ceto kusan kashi 1 cikin 100 na mai. Sai bututun da aka bari tsirara ba lulluɓi, sai tururin da ke yoyo a mahaɗa dare da rana. Sai ƙanzon da ruwa mai gishiri-gishiri ke bari a cikin tukunya. Duk matar da ta taɓa ɗora tukunyar da ba a kankare ba ta san yadda take cin itace.

Maganin ma ba sabo ba ne. Tun 1845 wani Bature a Ingila, Edward Green, ya ƙera na'urar da ke bi da ruwan sanyi ta cikin hanyar hayaƙi, ya ɗumama kafin ya shiga tukunya. Shekara 180 ke nan. Haka manyan injinan gazuwal masu ba da wuta: abin da ke zama lantarki bai kai rabin ƙarfin man ba, saura yana fita ta salansa da ruwan sanyaya inji. A wasu ƙasashe da wannan zafin ake busar da amfanin gona ko a ƙara samar da wuta.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ina masana'anta a Waca?" Babu, gaskiya ne. Amma an taɓa yi a maƙwabta. Dattawa suna tune da kamfanin matse man gyaɗa na SEPANI a Magarya da takwaransa na Matamai, kafin farin 1973 da cutar gyaɗa su karya noman. Aikin bai mutu ba, ya koma tsakar gida ne. Yau masana'antar mai a Waca da Dungas ita ce mace mai soya gyaɗa, ta matse mai, ta toya ƙuli-ƙuli. Tukunyar tururinta murhu ne mai duwatsu uku, wanda abin da ke shiga tukunya daga zafinsa bai cika wuce kashi 15 cikin 100 ba. Wato a dami goma na itace, sama da takwas iska suka ɗumama. Ribarta ce ke tashi a hayaƙin nan, da idonta da ƙirjinta. Kuma itacen daga ina? Daga gonakin da manoman Magarya da Matamai da Mirya suka yi shekaru suna sassaben zamani har gawo ya dawo, abin da duniya ke zuwa kallo.

Ni a ganina nan ya kamata a fara, don nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Murhun laka da aka kewaye, mai baki biyu ko uku a jere, inda harshen wutar da ya wuce kaskon suya zai dafa ruwan kwaɓa tunkuza kafin ya fita, dabarar Green ce da ƙasar garinmu. Masu dafa ruwan rake a Indiya haka suke jera kaskonsu, da tuƙar raken suke hura wutar. Mu ga rake a fadamun Korama, ga ɓawon gyaɗa ana zubarwa a bakin injin ɓarza. An sha kawo ingantattun murahu, na sani, da yawa sun fashe an koma duwatsu uku. Dalilin a fili yake: an raba kaya, ba a bar magini a gari ba. Majalisar gari za ta iya ɗaukar nauyin koya wa matasa biyar ko goma ginin da gyaransa, su riƙa cin abinci da shi.

Su kuma manyan, abin da nake nema ba ya cin ko dala. SORAZ, inda ƙasa ke da kashi 40 cikin 100, da SONICHAR da NIGELEC, su riƙa wallafa wa jama'a duk shekara yawan man da gawayin da suka ƙona, abin da ya fito, da abin da suke yi da zafin da ya rage. Idan suna ceto shi, mu yaba. Idan ba su yi, ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram na neman inda za su yi gwajin aiki, a ba su ma'aunin zafi a buɗe masu ƙofa.