Ƙofa ta Biyu Ma Sai da Kuɗi?

Jama'a, a Amurka ba a shiga makarantar likita sai an gama digiri na shekara 4, an kuma zauna jarrabawar MCAT. Duk da haka, fiye da rabin masu nema ba su samun shiga. Wanda makinsa ya gaza yakan koma aji shekara 1 ko 2 bayan digiri, ya ƙara karatun kimiyya.

To, sabon maki ba ya shafe tsoho. Haɗa su ake yi a auna, kamar an zuba mudun sabon gero cikin buhun na bara. Amma masu zaɓe suna ganin sabon a layinsa daban. In ya yi kyau, shaida ce yaro ya gyaru.

Madalla da wannan ƙofa ta biyu. Amma wa ke shigarta? Sai mai kuɗin makaranta. Ɗan talaka da ke karatu yana ƙwadago, shi ya fi buƙatar gyaran, shi ne kuma ba shi da halinsa. Ɗan attajiri ya faɗi ya tashi, ɗan lebura kuwa faɗuwa ɗaya ta gama da shi.

Mu dai mun ce: hukuma ta biya wa ɗan talaka kuɗin gyara, a ko'ina yake.