Malami, Haɗa Kekenka da Hannunka

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina roƙo ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan, in yi magana a kan abin da yawancinmu muka raina, watau keke. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani lokacin koyarwar gwaji da ta wuce. An rarraba mu makarantu, waɗansu Bulumkutu, waɗansu Gwange, waɗansu can hanyar Baga. Tun wata bai ƙare ba sai ga abokaina suna isa bayan an kaɗa ƙararrawa, ran da aljihu ya bushe kuwa sai fashi. Ba ragwanci ya kawo wannan ba, kuɗin mota ne ya fi ƙarfinsu. Yara suna zaune cikin aji suna jiran malami, malami yana bakin titi yana ciniki da mai Keke Napep.

Kowa ya san yadda muka zo nan. Cikin shekarar 2011 gwamnatin Jihar Borno ta hana hawan babur a Maiduguri saboda tashin hankalin Boko Haram. Cikin watan Mayu na 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi bayanta. To, ɗalibin da ko abincinsa sai an aiko daga gida, ina zai sa kansa?

Ra'ayina shi ne, ya kamata kowane ɗalibi ya mallaki keke mai jure tafiya mai nisa da kaya, ya kuma haɗa shi da kansa. Sabo mai kyau ya fi ƙarfinmu, mai ƙyalƙyali na araha kuwa ba ya daɗewa. Amma tun 1885 da aka fito da irin keken nan mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa a Ingila, ƙirarsa ba ta sake da yawa ba. Saboda haka kayan wannan sukan shiga wancan, muddin girmansu ɗaya ne. Ni haka na yi nawa, da kaɗan da kaɗan, cikin wata huɗu, daga wurin masu gyara da 'yan gwanjo.

Fara da firam, gama shi ne ƙashin bayan keke. Nemi na ƙarfe irin na tsofaffin Raleigh ko Phoenix. Yana da nauyi, gaskiya ne, amma in ya tsage kowane mai walda zai ɗinke maka shi, abin da ba ya samuwa da sauƙi ga na alminiyam. Duba mahaɗai da kyau ko akwai tsaga a ƙarƙashin fenti. Ka kuma tuna da ambaliyar watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle. Kekuna da yawa sun kwana cikin ruwa, tsatsa tana cinsu ta ciki. Ni kaina an sayar mini da irinsu, na zare ƙarfen sirdi sai jan gari ya zubo. Don ka san ko firam ya karkace, ɗaura zare daga inda ƙafar baya take zama, ka zagayo da shi ta wuyan keke zuwa ɗaya gefen. In tazarar zaren da bututun sirdi ba daidai take dama da hagu ba, bar wa mai shi kayansa.

Kai, da sirdi, da feda, da kariya, duk na gwanjo sun isa. Amma akwai abu huɗu da ba a yi musu rowa: taya, da sarƙa, da robar birki, da boris. Waɗannan ka saye su sababbi, ka cika boris da giris, domin rairayin Borno ba ya barin ƙarfe ya huta. Zaɓi taya mai faɗi, inci 26 ko 28, wadda za ka samu a kowace kasuwa, gama siririya nutsewa take cikin yashi. Tsaga tsohon tib ka shimfiɗa shi cikin taya, zai rage maka ɓarnar tsidau da ƙayar aduwa. Kada giya mai yawa ta ruɗe ka. Ƙasar Maiduguri shimfiɗaɗɗiya ce, giya ɗaya ta isa. Mutumin da zai hau tuddan Biu shi ke bukatar ƙari. Sa'an nan ka ɗaga sirdi har ya zama in ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe. Wanda ya bar shi ƙasa, gwiwarsa ce za ta biya.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce ai zubar da girma ne mai neman takardar NCE ya hau tsohon keke. Ni dai a makarantar mishan da na yi a ƙasar Biu an koya mana riƙe fartanya da guduma tare da alƙalami, kakana kuma da keke ya zaga ƙauyuka yana koyarwa, ba wanda ya raina shi. Wane girma ne ya rage wa malamin da yara suka riga shi zuwa kullum? Waɗansu kuma za su ce ba lokaci. Na amsa, akwai wahala, sau uku na kwance ƙafar baya kafin ta daina rawa. Amma wanda ya ɗaura kowane kusa da hannunsa ba ya tsayawa ya yi tagumi in sarƙa ta zame. Sifana, da famfo, da faci, da sholisho cikin jaka, shi ke nan.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro, ba kuwa zan ɓoye ta ba. Ban ce kowa ya hau keke ya nufi daji ba. Daga nan zuwa Damaturu kamar kilomita 130 ne, kekena zai iya, amma ba zan gwada ba sai hanya ta yi lafiya sosai. A yanzu doguwar tafiyarmu ita ce ta kullum, daga wannan gefen gari zuwa wancan, da littattafan yara a kan kariya. In an tura mu ƙauye bayan mun gama, keken yana nan.

Daga ƙarshe ina roƙon shugabannin kolejinmu su ba mu gindin dogon yaro guda, da akwatin kayan aiki, su gayyato mai gyaran keke ran Asabar ya nuna mana, maza da mata. Wanda ya gama nasa ya taimaki na bayansa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah ya ba mu zaman lafiya a Borno, amin.

Ɗalibin aji biyu