A Gina Wa Yaranmu Rumfar Dara

Duk wanda ya san Sabo ta Badun, ko Agege da Idi Araba a Ikko, ya san yaranmu ba su da dandali. Can gida Arewa yaro yakan fita ƙofar gida ya tarad da fili da yashi, ya yi langa har ya gaji. A nan kuwa ɗaki guda ne na haya, bayansa kwata, gabansa titi da motoci. Saboda haka muke kira ga sarakunan Hausawa da ƙananan hukumomi su gina wa unguwanninmu rumfar jama'a wadda yara za su riƙa hawa, a kuma ɗauko fasalinta daga dara.

Dara dai gidaje 30 gare ta, layi 5, kowane layi gida 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, yana neman ya jera uku. To, a mai da kowane gida dakali mai faɗin mita ɗaya, wani kusa da ƙasa, wani ya kai gwiwa, wani ya kai ƙugun babba, a yi musu rufi guda. Yaro ya hau, ya tsallaka, ya ƙago nasa wasan; dattijo ya zauna a na gefe ya buga dararsa ta ainihi, idonsa na kan jikoki. Mita 5 da mita 6 ke nan, sai ɗan sarari a kewaye. Wace unguwa ce za ta ce ta rasa wannan?

Kada wani ya ce aikin wofi ne. A birnin Amsadam na ƙasar Holan, wani mai zanen gine-gine, Aldo van Eyck, ya fara irin wannan aiki a 1947, bayan yaƙin duniya na biyu. Kafin 1978 ya zana wuraren wasa fiye da 700, da yawansu a kangaye da lungunan da ba wanda ya kula da su. Kayansa kuwa ba su wuce ramin yashi da duwatsun siminti da ƙarafan hawa ba. Bai gaya wa yaro yadda zai yi da su ba, abin da ya sa ba su gundure shi ke nan.

Amma fa a yi hattara da masu son ƙawa. Lalle wani zai ce a fafe ramuka kamar na allon ayo na maƙwabtanmu Yarbawa, don ya fi kyan gani. A ƙasar da ruwan sama ke zuba wata da watanni, kowane rami gidan sauro ne. Dakalin ya zama shafaffe, da ɗan gangare don ruwa ya wuce. Kada a sa ƙarfe inda rana ke duka, gama zai ƙona tafin yaro. A zuba yashi mai kauri a ƙasa, a kashe kaifin kusurwoyi.

Abu na ƙarshe, kada a sa ƙofa da kwado, kada a karɓi ko kwabo. Unguwa ta naɗa mai shara da sauya yashi tun kafin a aza tubalin farko, a kuma rubuta ladansa cikin kuɗin ginin.