Sanarwar bayan taron manoman rani da masu sarrafa shinkafa na yankin Bunkure a kan taswirar makamashi

Mu manoman rani, da masu injin casa, da mata masu gumi na Bunkure, tare da baƙinmu daga Kura da Garun Malam, mun yi zama na yini guda a garin Bunkure a kan abin da ke cinye mana riba, wato kuɗin fetur da gas da itace. An buɗe taro da addu'a, aka tattauna, aka tsayar da abin da ke biye.

Taron ya fara da godiya ga Allah a kan ruwan Tiga. Madatsar da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, har yau ita ke shayar da gonakinmu, kuma ruwan yana gangarowa ta kanal da kansa ba tare da inji ba. Amma wannan ni'ima ba ta kai ga kowa ba. Wanda gonarsa ke ƙarshen layi, ko take wajen shirin ban-ruwan, sai ya tayar da injin ban-ruwa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, galan ɗin da manomi ke ɗaurawa a bayan babur da asuba ya zama shi ke yanke hukuncin ko za a shuka tumatir ko a bar fili. Wani dattijo ya nuna wa taro ɗan littafin da yake rubuta kuɗin da yake kashewa, shafin fetur ya fi na taki tsawo.

Taron ya lura cewa makamashi na nan kewaye da mu. Ga rana da ba ta fashi. Ga ɓuntun shinkafa jibge a bayan injinan Kura, wani lokaci sai an cinna masa wuta don a samu wuri, alhali mata na sayen itace da tsada don yin gumi. Ga tashar lantarki mai megawat 10 da Gwamnatin Kano ta gina a Tiga. Abin da muka rasa shi ne sanin ina abu yake, nawa ne, kuma wa ke kusa da shi.

A nan aka daɗe. Wasu matasanmu da suka karanci labarin ƙasa sun nuna yadda ake ɗaukar wurin rijiya da GPS ɗin wayar hannu, a ɗora shi a kan hoton tauraron ɗan Adam. A kan allo kowa ya gane gonarsa, har da kukar da ke kan iyaka, kuma aka ga inda kachalla ta toshe hanyar ruwa. Da za a haɗa wannan da zurfin ruwan ƙasa da inda turakun wuta suka tsaya, da an san inda famfon sola zai yi amfani da inda zai zama asara. Mun taɓa gani: wani kamfani ya kafa famfon sola a wani ƙauyenmu ba tare da ya tambayi kowa ba, kafin tsakiyar rani rijiyar ta ƙafe, farantan suna nan ƙura ta rufe su. Da an tambayi mai unguwa da ya faɗa masu, don ya san wurin tun yana kiwon awaki.

Saboda haka taron ya yanke cewa kowace ƙungiyar masu amfani da ruwa ta ba da matasa biyu da za su zaga su rubuta kowane injin ban-ruwa, da injin casa, da wurin gumi, da abin da yake ci a mako. Mata ne za su ƙidaya nasu ɓangaren, tunda su suka san dami nawa ke dafa buhu.

Muna roƙon Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are ta ba mu kofin taswirar kanal-kanal da aka sabunta a lokacin aikin gyaran ban-ruwa na TRIMING, kada mu sake auna abin da aka riga aka auna. Muna kuma kira ga malaman Jami'ar Bayero da na Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil su duba mana aikin ƙidayar. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka muna roƙon Gwamnatin Kano da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara su dubi taswirar makamashin da za mu haɗa kafin su zaɓi inda za a sa ƙaramar tashar sola ko ɗakin sanyi na ajiye tumatir kusa da Kwanar Gafan.

An yi gardama a kan wanda zai riƙe bayanan, domin wasu na tsoron kada ƙidayar inji ta koma ƙidayar haraji. Aka tsaya a kan cewa ba za a sa sunan kowa a taswirar ba, kuma kofi ɗaya da Hausa zai zauna a ofishinmu na Bunkure, duk mai so ya zo ya gani.

Masu ƙidayar za su kawo rahoton farko kafin a fara shukar alkama.

Shugaban taro
Sakataren taro