Me Ya Hana Mu Fita Mu Ga Daji?

Wata ranar Laraba cikin zangon karatu na biyu ina koya wa 'yan aji biyar labarin ƙasa, sai muka zo kan namun dajin ƙasar Hausa. Na rubuta "gwanki" a allo, na ce wanda ya taɓa ganinsa ya ɗaga hannu. Shiru. Na rubuta "ɓauna". Shiru. Da na zo kan giwa sai hannuwa suka tashi, har na fara murna, ashe a talabijin da wayar hannu suka gan ta. Wani yaro daga can baya ya ce, "Malam, kakana ya ce a dā kura tana zuwa har bayan gidanmu." Aji ya fashe da dariya, sai ka ce tatsuniya ya yi. Ni dai ban yi dariya ba, gama na san kakan nan ba ƙarya ya faɗa ba.

Ba laifin yaran ba ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar Shanono ya san yadda take. Ka fita daga gari ka nufi Bagwai ko Gwarzo ko Tsanyawa, gona ce ke bin gona, ƙauye na hangen ƙauye. Itatuwan da suka tsira su ne waɗanda muke cin moriyarsu: kuka don miya, ɗorawa don daddawa, gawo don dabbobi, tsamiya, mangwaro da darbejiya. Wannan shaida ce ta ƙwazon iyayenmu, ba na kushe shi. Amma yaron da bai taɓa ganin wata ƙasa ba sai wannan, zai ɗauka haka Allah ya halicce ta tun fil azal. Bai san akwai wurin da mutum zai yi tafiyar yini bai ga kunyar dawa ko ɗaya ba. Muna karanta masa cikin Farawa sura 2 cewa an sa mutum cikin gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Noman ya sani sarai. Kiyayewar fa, ta yaya zai kiyaye abin da bai taɓa gani ba?

Ra'ayina ke nan, ina kuwa faɗinsa a gaban shugaban makaranta da 'yan'uwana malamai da iyaye da dattawan ikilisiya: kada ɗalibi ya gama makarantar nan bai yi tafiyar ƙasa ta yini guda ba, bai kwana cikin tanti ba, bai kuma koyi zama cikin kwalekwale da rigar kariya a jikinsa ba.

Na san abin da wasu za su ce, wai wannan al'adar Turawa ce, ta waɗanda suka ƙoshi. Gaskiya ne a Amurka da Turai abin ya zama ruwan dare. Tun 1872 Amurka ta keɓe dajin Yellowstone ya zama gandun daji na ƙasa, daga nan sauran ƙasashe suka bi sahu. Iyali sukan ɗauki hutu su shiga wata irin mota mai gado da murhu da tankin ruwa a ciki, su yi ta yawo daga wannan gandu zuwa wancan. Da safe su rataya jaka su hau dutse da ƙafa. Da yamma su sauka tafki da wani allo mai faɗi, tsawonsa kamar mita 3, mutum ya tsaya a kai yana tuƙawa da dogon filafili. Daga tsibiran Hawai wasan ya bazu duniya bayan shekara ta 2000, yanzu har akwai allon da ake hura wa iska a naɗe shi a jaka in an gama.

Da na fara ganin hoton abin, dariya ce ta kama ni. Wane ne a cikinmu bai taɓa ganin masunci tsaye a ƙaramin jirginsa yana tura shi da gora ba? Je ka Argungu ka ga Kabawa kwance a kan goran kamun kifi suna yawo bisa ruwa kamar a tsakar gidansu. Motar nan mai gado kuwa, ai kakanninmu fatake sun riga su. Su ne suka riƙa tashi daga Kano da jakuna, madugu na gaba, su yi watanni a hanya har Gwanja neman goro, kowace yamma a yada zango, a hura wuta, a dafa abinci, a sa masu tsaro. Fulani makiyaya har yau gidansu a bayan saniya yake. Saboda haka kada wani ya ce mini tafiya da kwanan daji baƙon abu ne a gare mu. Mu ne muka bar shi, wasu suka ɗauka suka yi masa fenti suna sayarwa.

Bari in ba da labarin abin da ya sa nake wannan naci. Ina ɗalibi aka kai mu Yankari a bayan babbar mota, da tabarmi da tukwane da buhun shinkafa da jarkokin ruwa. Mun bi ta Bauchi, muka kama hanyar Gombe, muka ratse a Dindima. Daga ƙofar gandun zuwa sansanin Wikki ma tafiya ce mai tsawo, babu gona, babu gida, sai itatuwa iyakar ganinka. Mu da muka zo daga ƙasar noma sai muka yi tsit, surutun da muka yi ta yi tun daga gida ya mutu. An keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Ya zama gandun daji na tarayya a 1991, sa'an nan a 2006 aka mayar da shi hannun gwamnatin jihar Bauchi. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa. Da rani, sa'ad da ruwa ya ƙafe a ko'ina, dabbobi kan gangaro bakin kogin nan, shi ya sa rani ne lokacin ganinsu. A can na ga ɓauna da gwanki da mugun dawa da idona. Giwayen Yankari suna cikin garkuna mafi girma da suka rage a Nijeriya duka. Ranar da muka yi kiciɓis da su, mai rakiyarmu ya ɗaga hannu kawai, kowa ya haɗiye numfashinsa. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina kamar ranar ba, kuma babu wani wa'azi a kan girman Mahalicci da ya shige ni kamar wannan shirun.

Sai maɓuɓɓugar Wikki. Ruwa ne garau yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, kana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina. A nan ne na gane ban iya iyo ba. Mu kusan duka muka tsaya a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, muna riƙe da juna. Birai kuma suka yi mana ta'adi a sansani, wani gwaggon biri ya sure burodin malaminmu ya hau bishiya yana ci yana kallonsa. Wannan kam har yau in muka haɗu da abokai sai mun tuna.

Maganar ruwan nan ita ce ta fi damuna, don ba ta nishaɗi ba ce kaɗai. Madatsar ruwa ta Watari tana nan maƙwabtanmu a Bagwai. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife, mutane aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara ne 'yan makarantar Islamiyya. An yi wa jirgin lodi fiye da ƙarfinsa. Yaran nan sa'o'in ƙannenmu ne, 'ya'yan maƙwabtanmu ne, makokinsu namu ne. Tun daga ranar nake tambayar kaina, da ɗalibanmu ne a cikin jirgin, mutum nawa ne zai san ya ce lodi ya yi yawa ba zan shiga ba? Nawa ne za su san cewa in jirgi ya fara tangaɗi ba a miƙewa tsaye, ba a kuma rugawa gefe guda? Nawa ne suka taɓa ganin rigar kariya balle su san yadda ake ɗaura ta? Baturen da ke wasa a kan allonsa, kafin a bar shi ya miƙe sai ya koyi durƙuso a kai, a ɗaura masa igiya a ƙafa don kada allon ya kuɓuce masa, a sa masa riga. Shi wasa yake yi amma an koya masa tsare ransa. Mu da ruwa yake hanyar kasuwa da hanyar makaranta ga wasunmu, ba wanda ya koya mana kome. Muna haddace zurfin tekun Atlantika don jarrabawa, ruwan da ke bayan gidanmu yana cin 'ya'yanmu.

Ba ina cewa a kwashi yara a zuba su cikin dam ba ne. Ruwan da ke kwance irin wannan yakan ɗauke da cutar tsargiya, malamar kimiyya za ta gaya muku yadda ƙwayar ke fita daga jikin dodon koɗi ta shiga fatar mutum. Iyo sai a wurin da aka tanada mai tsabta, da mai koyarwa. Amma zama cikin jirgi da riƙe filafili da sanin yawan mutanen da jirgi zai iya ɗauka, wannan masuntan Watari za su koya mana cikin safiya ɗaya, in mun je da ladabi mun roƙe su.

Yanzu ga babbar matsala, ba zan yi kamar ban gan ta ba. Dazuzzukanmu da yawa sun zama maɓoyar 'yan bindiga. Dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda ya zama gandun tarayya a 1999, ya shahara da su fiye da yadda ya shahara da namun daji. Dajin Falgore da ke kudancin jiharmu ya daɗe da mummunan suna wajen matafiya, ko da yake yana cikin dazuzzuka 10 da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mai da su gandayen ƙasa. A 2025 masifar ta tako har ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Uwar da ta ce ɗanta ba zai je ko'ina ba, ban ga laifinta ba, ni ma uba ne. Duk tafiyar da za a yi sai an nemi shawarar jami'an tsaro da hakimi da masu kula da wurin, in sun ce a dakata a dakata, ko da an riga an biya kuɗin mota. Ba za a yi tafiyar dare ba. Ba za a kuma yi shelar ranar tashi a kasuwa ba.

Amma ku dubi abin da tsoro yake yi mana. Yaro ya taso yana jin kalmar daji, abin da ke zuwa ransa bindiga ce da kuɗin fansa. Gobe in ya zama kansila ko ɗan majalisa aka ce a sare sauran dajin a huta, da me zai yi gardama? Dajin da mutanen kirki suka daina shiga, ai wasu ne ke gaje shi. Ni a ganina barin yaranmu su manta da daji wata irin miƙa wuya ce.

Masu cewa babu kuɗi kuma, ina roƙonsu su yi lissafin abin da muke kashewa a bikin yaye ɗalibai, da anko da rumfuna da lemo, duk a yini ɗaya. Masu cewa lokacin karatun jarrabawa zai tafi, su zo su ga yadda 'yan aji shida suke fama da tambayar karatun taswira kowace shekara, don ba su taɓa riƙe taswira a hannu suna duban tudu da kwari a gabansu ba. Kuma kada a ce wannan na maza ne. 'Yan matanmu suna tafiya mai nisa da tulu a ka tun suna ƙanana, ba su ne za su gaji ba. A haɗa su da malamai mata da uwayen zumunta biyu ko uku, shi ke nan.

Ba sai mun fara da Yankari ba, balle Gashaka-Gumti ta Taraba da Adamawa inda dutsen Chappal Waddi yake, mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Wannan mafarki ne na wata rana. Mu fara da abin da ke hannunmu. Bayan an gama girbi, kafin hunturu ya yi tsanani, 'yan aji huɗu su tashi da asuba ranar Asabar su yi tafiyar ƙasa, kowa da gorar ruwansa da littafinsa. A tafi da dattijo ɗaya daga ikilisiya wanda ya yi farauta a ƙuruciyarsa, ya nuna musu inda fadama take a dā, inda aka sare ƙirya da marke, su rubuta sunan kowane itace da tsuntsun da suka gani, da Hausa da Turanci. Daren su kwana cikin tantunan 'yan Birged a filin makaranta, su dafa abincinsu da kansu, su yi addu'ar yamma a bakin wuta. 'Yan aji biyar a kai su Watari da rana tsaka. 'Yan aji shida kuwa, in hanya ta yi kyau kuma iyaye sun yarda, a kai su Yankari kafin su bar mu.

Na riga na kai wa shugaban makaranta wannan roƙo a rubuce, ya ce za a sa shi a gaban taron iyaye da malamai mai zuwa. Abin da nake nema daga tsofaffin ɗalibai da ke karanta wannan mujalla a Kano ko Kaduna ko Jos shi ne rigunan kariya guda 10 da kamfas guda 2. Yaron nan da aka yi wa dariya kuwa, na je na gai da kakansa, ya ce in ƙafarsa ta bar shi shi ne zai ja mu ranar Asabar ɗin farko.