Faifan Rockia da Darasinsa ga Hausar Zangon Dapaong

A shekarar 1969 ne Bella Bellow, mawaƙiyar ƙasar Togo haifaffiyar Tsévié, ta fitar da faifanta na farko mai suna Rockia a birnin Paris, inda Manu Dibango ɗan Kamaru ya taya ta kiɗa. Shekara huɗu bayan haka, ranar 10 ga Disamba 1973, ta rasu a hatsarin mota tana da shekara 28. Duk da gajeren kwananta, ta wakilci Togo a bikin al'adun baƙar fata na Dakar a 1966, ta kuma rera waƙa a dandalin Olympia na Paris.

Wanda ya sake sauraren waƙoƙinta a yau, abin da zai fara lura da shi shi ne harshe. A zamanin da Faransanci ke buɗe kowace ƙofa, ita da harshen Ewe ta yi fice. Waƙarta Blewu, kalmar da ke nufin "sannu a hankali", ita ce Angélique Kidjo ta rera a Paris ranar 11 ga Nuwamba 2018, gaban shugabannin ƙasashe, a taron cika shekara 100 da ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ke nan harshen gida bai tauye ta ba, shi ya raya sunanta bayan ranta.

A nan ne darasin yake ga Hausawan zangon Dapaong da na Sokodé. Gyaran ilimi na 1975 ya zaɓi Ewe da Kabiye su shiga makarantun Togo. Hausa ta tsaya a kasuwa da masallaci da tsakar gida. Hausar Dapaong ta daɗe tana zama da Moba da Faransanci, ta ari kalmomi, ta yi nata karin magana. Amma waƙoƙin Hausa da ake ji a wayoyin matasa galibi daga Kano suke zuwa, kuma mai koyon waƙa yakan kwaikwayi wanda yake saurare.

Wani zai ce Hausar Kano ce ke da kasuwa, don haka ita ta fi dacewa da mawaƙi mai neman abinci. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai Kano ba ta rasa masu yi mata waƙa da harshenta ba, alhali Hausar zango, in ba 'ya'yanta suka naɗe ta ba, babu mai yi. Harshen da ba ya cikin aji, faifai ne ma'ajiyarsa.

Saboda haka ya kamata ɗalibin Hausa a arewacin Togo ya saurari Rockia, sannan ya ɗauki wayarsa ya naɗi waƙoƙin daka da na biki daga bakin tsofaffin matan zango, ya rubuta su yadda suka furta, ba tare da ya mayar da su Kananci ba.